Idan an aike ka duba ruwa da makewayi a lakwal

Kada ka yi wa darekta waya kafin ka taso. In ya san da zuwanka, za ka tarar an share fili, an cika randa, ga sabon sabuni da ko tambarinsa bai goge ba. Kuma a nan Damagaram ka zaɓi watan Afrilu ko Mayu, lokacin da pampo ke ƙafewa a unguwannin Birni da Garin Malam, 'yan garuwa na tsada. Abin da ka gani a sanyin Disamba ba zai gaya maka komai ba.

Ma'aunin UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya bai damu da yawan gine-gine ba. Tambayarsa: ranar da ka zo, akwai ruwan sha mai tsabta? Murɗa pampon da hannunka. In rijiyar burtsatse ce, ka buga ka ga ko ta kawo. Jagorar da hukumomin biyu suka fitar a 2009 ta ce lita 5 ga kowane yaro a yini, sai ka ƙirga litar ruwan da ke cikin bidon da aka jera ka raba da yawan yaran da ke rajista.

Makewayi ne wurin da nake daɗewa. Jagorar ta ce rami ɗaya ga 'yan mata 25, rami ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Amma ni na fi duban ƙasa. Hanyar da ake bi tana da sawu; wadda ƙarangiya ta cinye, ba mai zuwa. Shiga ciki, ja ƙofa, gwada sakata. Ka ga kwaɗo a waje? Tambayi wa ke riƙe da mabuɗin. Sau da yawa yana aljihun mushe, wato malamin aji, makewayin ya zama na malamai, yara kuwa bayan katanga. Zagaya bayan katangar, hancinka zai ba ka labari.

'Yan matan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba za su gaya wa namiji abin da suke yi lokacin al'ada ba. Tafi da mace, ta keɓe da su, ba a gaban madam ba.

Lokacin da aka saki yara hutun safe, nemi inuwar bedi ka zauna kamar mai jiran wani, ka ƙirga masu fitowa makewayi da masu wanke hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wani bincike a yammacin Kenya ya nuna cewa inda aka ƙara makewayi sabuni bai wadata ba, ƙwayar cutar kashi ta ƙaru a hannun yara. Toka ko ruwa zalla ba su cika ma'auni.

Kafin ka tafi, nemi ma'ajin COGES, kwamitin kula da harkokin lakwal, ya nuna maka littafin kuɗi. Wa ke sayen sabuni idan na ƙungiyar agaji ya ƙare? Wa zai biya mai gyara, wa zai kwashe rami in ya cika? Rubuta amsar yadda ya faɗa, ka komo baɗi ba sanarwa.