Kafin ku tura takardar da kuka rubuta a LibreOffice

'Yan uwa, LibreOffice, manhajar rubuta takardu irin Word, yana adana rubutu a tsarin fayil na .odt ne. Idan da Word za a buɗe, ku zaɓi .docx, tsarin fayil na Word, wajen adanawa. Apache OpenOffice kuwa, wata manhajar irinsa, yana buɗe .docx amma ba ya adanawa da shi, don haka ban ba da shawararsa ba.

Abin da ya fi wargaza shafi shi ne salon haruffa. In babu salon haruffan Calibri a kwamfutarku, manhajar za ta musanya shi da wani, layuka su goce, tebur ya tsallaka shafi. Ku saka salon Carlito, faɗin haruffansa da na Calibri ɗaya ne. Caladea kuma a madadin Cambria.

Mai yawan musayar .docx, manhajar OnlyOffice ta fi masa. Takardar da ba za a gyara ba, ku mayar da ita PDF.