Darasi na 9: Maido da Launin Asali na Kayan Wutar Tsohuwar Mota

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Ƙirar 404 da 504 sun yi zamani a hanyoyinmu, kuma har yau akwai masu riƙe da su, suna son komai na jikinsu ya zauna yadda ya fito daga kamfani. Irin waɗannan mutane ba sa son fenti a inda kamfani bai sa fenti ba. Darasinmu na yau a kan kayan wuta ne: distiributa (mai rarraba wuta zuwa fulogogi), kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar batir), maɗaurinsu, da notuna da ƙusoshin da ke riƙe da su.

Gane ƙarfe kafin a taɓa shi

Ku ɗauko maganaɗisu. Na tsohuwar lasifika ma ya isa. Ku kara shi a jikin distiributa. A yawancin motocin nan ba zai kama ba, domin gangar jikin alminiyum ce. Launinta na asali fari ne mai duhu-duhu, ba ta walƙiya. Ku kara shi a maɗaurin kwayil, da ƙarfen da ke ɗaure distiributa a jikin inji. Zai kama, domin baƙin ƙarfe ne. Amma ku duba da kyau: an lulluɓe shi da ruwan tutiya don kada ya yi tsatsa. Wani ya fito fari, wani kuma ruwan ɗorawa mai ɗan sirkin kore da ja idan an juya shi a rana. Sai bakin da wayoyi ke shiga, wanda galibi tagulla ce, ita ma ba ta kama maganaɗisu.

Rufin tutiyar nan bai kai kaurin silin gashi ba. Sanfefa ta bi ta kansa sau biyu, ya tafi, kuma babu man gogewar da zai dawo da shi. A nan yawancin yaran gareji suke ɓarna. Yaro ya samu burushin waya, ya goge maɗauri har ya yi ƙyalli, oga ya yaba. Damina na sauka sai tsatsa ta rufe shi.

Cirewa

A fara kwance wayar batir ta gefen nagatif. Kowace wayar fulogi a ɗaura mata takarda da lamba, daga 1 zuwa 4. A yi alama da alli ko fenti kaɗan a inda gindin distiributa ya haɗu da inji, a kuma lura da inda hancin rota, wato abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa, ya dosa. Wanda ya yi sakaci da wannan, sai ya sake saita lokacin wuta tun daga farko. Ƙananan notuna da wasa a zuba su a gwangwani.

Abu uku ba a jiƙa su ko kaɗan: kwandensa (ɗan ƙaramin gwangwani mai waya a jikin distiributa), kwayil, da ɗan kwanon da ke gefen distiributa wanda siririn tiyo ke shiga. A cikin kwanon akwai roba, kananzir yana lalata ta. Tsumma mai ɗan laima ya ishe su.

Wanki

Gangar alminiyum ana wanke ta da kananzir da tsohon burushin haƙori. Bayan maiƙo ya fita, a bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a ɗauraye, a shanya. Idan akwai farin gari da ya kama jiki, a sa burushin roba mai tauri a yi ta bi a hankali. Burushin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyum, daga baya sai ku ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Kada a kusanto da sodar haɗa sabulu, ko ruwan toka, ko kanwa. Suna cin alminiyum, su bar shi da dabbare-dabbare. Akwai lamba da sunan kamfani a jikin gangar, kamar Ducellier na Faransa, ko Bosch na Jamus a motar Volkswagen, ko Lucas na Ingila a Land Rover. A bi wurin da sauƙi. Da lambar nan ake sayo kwantak (ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa don yanke wuta) da rota daidai a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma mai mota yana duba ta.

Tagulla ba ta da wuya. Ruwan tsamiya ko na lemon tsami da ɗan gishiri, a shafa, a bar shi minti kaɗan, a ɗauraye sosai, a busar. Tsamin da ya rage a lungu shi ke komawa kore.

To, amma tsamin da ya gyara tagulla shi ne yake narkar da tutiya. Don haka ƙarfen da har yanzu yake da rufinsa, ko da ya dushe, sabulu da tsumma mai laushi kawai yake so, sannan a shafa masa ɗan mai ko kakin goge mota. A ganina, rufin asali da ya dushe ya fi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba. Kuma kada a ƙona irin wannan ƙarfe ko a kai shi bakin injin wasa wuƙa. Rufin ruwan ɗorawa yana da sinadari mai guba, wasu tsofaffin ƙarafa kuma da kadmiyum aka rufe su. Ƙurarsu da hayaƙinsu suna illa ga huhu. A wanke hannu kafin a ci abinci.

Idan tsatsa ta riga ta cinye rufin

Sai a jiƙa ƙarfen a ruwan kal ya kwana. Da safe a goge, a ɗauraye, a busar nan take, don ba ya jimawa yake sake yin ja. Ƙananan sifirin da ke cikin distiributa ba a sa su a ruwan tsami, domin yana sa su karye. Daga nan a kai ƙarfen wurin masu rufin tutiya da lantarki, a gaya musu launin da ake so, fari ko ruwan ɗorawa. In babu su a kusa, a shafa mai a ajiye.

Wasu sukan fesa fentin silba a kan komai. Banda muni, yana kawo matsala: wutar kwantak tana bi ta gangar distiributa da maɗaurinta ta koma jikin inji. Fenti ya shiga tsakani, mota ta riƙa tari ko ta ƙi tashi. Gwangwanin kwayil ne kaɗai ake iya yi wa fenti, shi ma idan da ma baƙi ya zo, kuma a rufe kansa, a kuma rufe takardar da ke manne a jikinsa, kafin a fesa.

Wajen mayarwa, a bi alamomin da aka yi. Tazarar bakin kwantak a 404 da 504 milimita 0.40 ce.

Aikin yi

1. Ku rubuta sunayen ƙarafa uku da ake samu a kayan wuta.
2. Me ya sa ba a sa ruwan tsamiya a kan maɗaurin kwayil?
3. Ku zo da tsohon noti ko maɗauri ɗaya mako mai zuwa, tare da maganaɗisu.