Yadda ake ƙera gicciyen zinariya na sarƙar wuya

Aikin maƙeran fari ne wannan, ba na maƙeran baƙi irin na unguwar Maƙera Assada da ke Sakkwato ba. Masu saye a Sakkwato galibi Kiristocin garin ne, kuma sawar yau da gobe suke so, don haka ƙarfi ya fi ado muhimmanci.

Tsantsar zinariya mai karat 24 ta yi laushi, da an danne ta sai ta lanƙwashe. A haɗa mai karat 18: giram 6 na zinariya, giram 1 na azurfa, giram 1 na jan ƙarfe. A narka su a ƙaramin kasko da ɗan boras, farar hodar da ke tsabtace narkakken ƙarfe. Zinariya ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1064 a ma'aunin Celsius. A ɗumama mazubi kafin a zuba, domin mai sanyi ko mai danshi yana sa narkakken ƙarfe ya fantsama.

Sai bugu. A miƙar da sandar da ta fito daga mazubi da guduma har faɗinta ya zama milimita 3, kaurinta 2. Bugu na sa ta tauri, kuma wanda ya ci gaba a haka zai ga tsaga a gefe. Lokaci-lokaci a mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan, ta huce, sannan a ci gaba. A yanke biyu: milimita 30 da 20.

Mahaɗar ce ke nuna gwani. Kada a ɗora guntuwar a kan doguwar kawai a liƙe. A auna kashi ɗaya cikin uku na doguwar daga sama, a goge gurbi da magagari a jikin kowace sanda har rabin kaurinta, su shige juna ba tare da haske ya ratsa ba. Sinadarin liƙi, wato ƙarfen da ake narkawa a mahaɗa, ba ya cike rami, bin matsattsen wuri yake yi. A zafafa sandunan duka biyu, ba sinadarin kaɗai ba, in ba haka ba sai ya dunƙule ya ƙi gudu.

Zoben da sarƙa ke bi a liƙa shi daga baya, da sinadari mai saurin narkewa, don kada mahaɗar farko ta saki. Kada a yi rowar kaurinsa, shi ne sarƙa ke ci kullum.

A tsoma aikin cikin ruwan alif mai ɗumi baƙin wuta ya fita, a goge, a sa masa sheƙi. A shimfiɗa fata ƙarƙashin hannu tun farko don tara garin zinariyar da ke zuba, kuma da hunturu a rufe taga, iska na kwashe shi.