Kurakuran da ke raba matashi da littafi

Na gaji da jin iyaye da sababbin malamai suna kukan wai yaran yanzu ba sa son karatu, alhali da hannunsu suke korar su daga gare shi. Ni ma na taɓa yi, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Babban kuskure shi ne mayar da karatun nishaɗi jarrabawa. Ɗana yana shekara 14 na gan shi ya duƙufa kan wani littafin labarin 'yan sandan ciki, har a kira shi sau uku bai ji ba. Daɗi ya kama ni, sai na ɓata rawata da tsalle. Kullum da dare in zaunar da shi: "Babi nawa ka karanta yau? Wane darasi ka koya? Kawo mini sababbin kalmomi biyar." Ba a yi mako biyu ba na tsinci littafin a ƙarƙashin gado ya yi ƙura, 'yar takardar da yake sa alama da ita tana nan inda ya bar ta. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na karanta sai ka yi ta tambayata." Sai da aka yi kusan shekara biyu kafin ya sake ɗaukar littafi don ra'ayin kansa, kuma har yau ina jin zafin shekarun nan. Yanzu ba na tambaya sai shi ya fara kawo zancen, kuma abin da nake cewa bai wuce "To, daga nan sai me ya faru?" ba.

Na biyu, raina abin da yaro ya zaɓa. Haba jama'a! Yarinya ta riƙe labarin soyayya, yaro ya riƙe mujallar ƙwallo ko littafi mai zane-zane, sai ka fizge ka ce wannan shirme ne, ka miƙa masa wani tulin littafin da kai kanka ba ka taɓa gamawa ba. Wa ya fara tafiya da gudu? In akwai abin da bai dace da shekarunsa ba, ka karanta da kanka ku tattauna, amma kada ka kunyata shi gaban ƙannensa. Wani malami marubuci ɗan Faransa, Daniel Pennac, ya jera haƙƙoƙin mai karatu guda 10 a 1992, ciki har da tsallake shafi, da ajiye littafin da bai yi maka ba, da maimaita wanda ka riga ka karanta. Ni a gidana, in an kai shafi na 40 labari bai kama zuciya ba, a mayar a ɗauko wani.

Biyan lada kan kowane littafi ma ban yarda da shi ba. A 1973, wani masanin halayyar ɗan Adam, Mark Lepper, da abokan aikinsa sun gwada yara masu son zane a Amurka, waɗanda aka yi wa alkawarin kyauta suka rage zanen daga baya. Ranar da kuɗin ya tsaya, karatun ma zai iya tsayawa.

Kada karatu ya zama horo, irin "tunda ka yi laifi, je ka ɗauki littafi." Kada kuma a kulle littattafai a kabad don gudun yagewa, ni ina barin su a falo inda hannu zai kai. Wanda ya fi son karatu a waya a bar shi.

Kai kuma da kake faɗa, yaushe rabon ɗanka ya gan ka da littafi? Ni bayan abincin dare nake kife wayata in buɗe nawa na minti 20, ba na kiran kowa. Wani daren ni kaɗai nake zaune, wani daren in ji an jawo kujera kusa da ni.