Yadda Ake Gudu da Tsohuwar Mota a Filin Tsere

Motar da aka ƙera a shekarun 1950 ko 1960 tana iya kai gudun da zai ba mai sabuwar mota mamaki. Jaguar E-Type da aka fitar a 1961 an tallata ta da gudun da ya kai kimanin kilomita 240 a awa guda, kuma Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 ta riga ta wuce kilomita 200 tun kafin wannan lokaci. Matsalar irin waɗannan motoci ita ce injinsu ya yi wa sauran sassansu nisa. Birkinsu da tayoyinsu da ƙafafunsu na zamaninsu ne, yanzu kuma shekaru sittin ko saba'in sun hau kansu. Saboda haka duk wanda yake son ya sake wa tsohuwar mota linzami sai ya fara shiri daga ƙasa, daga inda taya take taɓa kwalta, ya bar inji zuwa ƙarshe, ko da yake yawancin masu irin waɗannan motoci sun fi son su fara zuba kuɗinsu a kan injin.

Wannan aiki na filin tsere ne wanda aka killace, mai jami'ai a kowace kwana da motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Italiya ta koyi wannan darasi da jini: tseren Mille Miglia da aka fara a 1927 a kan titunan jama'a ake yin sa, kuma a 1955 direban tsere ɗan Birtaniya Stirling Moss ya kammala shi a cikin Mercedes 300 SLR da matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 158 a awa, amma a 1957 tayar Ferrari ta Alfonso de Portago ta fashe, shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara suka rasa rayukansu, aka dakatar da tseren daga nan. Da aka farfaɗo da shi a 1977, sai aka mai da shi gasar kiyaye lokaci ga tsofaffin motoci. Masu son gudu na gaskiya suna zuwa tarurruka irin su Goodwood Revival a kudancin Ingila, wanda aka fara a 1998, da Le Mans Classic a Faransa, wanda aka fara a 2002, ko kuma su biya kuɗin ranar gwaji a wani filin tsere. Wanda ya gaji Peugeot 504 haɗin Kaduna kuma ya ji labarin cewa irinta ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ya sani cewa motar da ta yi wannan nasara an sake mata shiri daga sama har ƙasa, kuma iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi a Najeriya kilomita 100 ne a awa.

Tayoyi ne farkon abin dubawa, kuma shekarunsu sun fi zanen jikinsu muhimmanci. Tsohuwar mota ba ta cika tafiya ba, don haka tayarta tana iya shekara goma sha biyar zanenta bai goge ba, alhali robar ta bushe ta yi tauri, zaren cikinta kuma ya raunana. A gefen kowace taya akwai lambobin da suke biye da haruffan DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kawai, an yi tayar kafin shekarar 2000, kuma ba ta da wurin zama a ƙafar motar da za ta yi gudu. Masu yin taya da dama suna cewa a cire ta idan ta shekara goma, amma ga filin tsere ni ina ganin shekara biyar ko shida ta isa. Akwai kuma harafin da yake nuna iyakar gudun da tayar za ta jure: S kilomita 180, H kilomita 210, V kilomita 240. Ka sayi wadda iyakarta ta zarce abin da motarka za ta iya yi.

Sai kuma irin saƙar tayar. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960 galibi an tsara ƙafafunsu ne don taya mai saƙar gicciye ta da, wadda riƙonta bai kai na tayar zamani ba amma takan fara zamewa a hankali, har direba ya ji ya gyara. Tayar zamani tana riƙe kwalta sosai sannan ta saki farat ɗaya, kuma ƙarfin riƙon nata yana ɗora wa boris da gindin ƙafa da wayoyin wili nauyin da ba a ƙera su don shi ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a rukunoni da yawa na tseren tsofaffin motoci ake tilasta amfani da tayoyin Dunlop na tsere masu fasalin da. Kada ka haɗa iri biyu a mota ɗaya. A Birtaniya ma doka ta hana haɗa su a ƙafafun gaba biyu ko a ƙafafun baya biyu. Idan wilin motarka na waya ne, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasa su da ƙaramin ƙarfe, domin wadda ta saki ƙararta takan mutu, sannan ka duba haƙoran tsakiya da wilin yake zama a kansu, ka sa sabon tub a kowace taya.

Birki ne wurin da ya kamata a daɗe ana aiki. Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninku sau biyu, wato motar da take gudun kilomita 200 tana bukatar nisan tsayawa ninki huɗu na wadda take gudun 100, kuma a wannan gudu tana cin fiye da mita 55 a kowace daƙiƙa. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a cikin birki. Birkin ganga, wanda shi ne a yawancin motocin shekarun 1950, yana riƙe zafi a ciki, gangar ta buɗe ta yi nesa da takalman birkin, sai direba ya ji ƙafarsa tana ƙara nutsewa a kowane zagaye. Abin da ya ba Jaguar C-Type nasara a Le Mans a 1953 ke nan: tana da birkin faifai na Dunlop wanda yake shan iska, don haka direbobinta suna jinkirta taka birki a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, alhali abokan hamayyarsu masu ganga dole su fara lallaɓawa tun daga nesa.

Wajibi ne ka iya bambanta lalacewar birki iri biyu da ƙafarka. Idan abin takawa yana nan da taurinsa amma motar ba ta rage gudu yadda ta saba, takalman ne suka yi zafi fiye da kima, kuma za su dawo idan ka sassauta zagaye ɗaya ko biyu. Idan kuwa ya yi laushi yana tafiya ƙasa, man birki ne ya tafasa, kuma wannan ya fi haɗari, sai ka yi ta bugunsa da ƙafa har ya kama, ka fita daga fili a wannan zagayen. Man birki yana shan danshin iska da daɗewa: sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 155. Ka zubar da tsohon gaba ɗaya ka sa sabo kafin ranar, kuma kada ka gauraya DOT 5 da sauran, domin shi na silikon ne. Ka canza tiyoyin roba na birki ko da ba ka ga tsaga a jikinsu ba, tunda daga ciki suke kumbura. Abu na ƙarshe a nan shi ne motoci da yawa da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960 layin man birkinsu ɗaya ne tak, wanda idan ya fashe a wuri guda ƙafafu huɗun duka sun rasa birki. Idan dokar rukuninka ta yarda, ka sa bakanike ya mayar da shi layi biyu.

Ƙafafu da sitiyari ba sa bukatar dogon bayani. A ɗaga motar, a girgiza kowace ƙafa, duk inda aka sami wasa a tayarod ko bushin ko boris a canza, shokazoba kuma idan tana yoyo ta gama aiki. A duba tsatsa a wuraren da ƙafafu suke haɗuwa da shasi, domin fenti mai sheƙi yakan rufe ruɓaɓɓen ƙarfe.

Inji kuwa abin da ake nema daga gare shi shi ne ya jure, ƙarin ƙarfi sai daga baya. A wanke lagireto, a canza tiyoyin ruwa da fanbel, a sa sabon baƙin mai har cikar ma'auni. A doguwar kwana baƙin mai yakan taru gefe ɗaya na kaskon ƙasa, famfo ya zuƙi iska, boris ɗin inji ya ƙone cikin 'yan daƙiƙu, shi ya sa masu tsere suke sa shinge a cikin kaskon. Tsofaffin tiyoyin fetur ba sa jure fetur mai gaurayen etanol, kuma ɗigon fetur daga kafireto a kan salansa mai zafi yana iya tayar da gobara a irin waɗannan motoci. Injin da aka ƙera don fetur mai dalma yana bukatar a sa masa mazaunin bawul mai tauri, ko a riƙa zuba masa maganin da yake maye gurbin dalmar, musamman idan zai daɗe yana juyawa da ƙarfi.

Tsohuwar mota ba ta kare direbanta. Bel mai maɗauri uku sai a 1959 Volvo ta fara sa shi, sandar sitiyari mai lanƙwashewa idan an yi karo kuma sai a ƙarshen shekarun 1960 ta yaɗu. Kana bukatar hular kwano mai shaidar inganci, da tufafin da ba sa kama wuta, da tukunyar kashe gobara da aka ɗaure da noti inda hannunka zai kai, da makunnin da yake yanke batir gaba ɗaya. Idan za ka sa bel na tsere mai maɗauri huɗu ko fiye, to sai tare da baka na ƙarfe a bayan kujera, wato lanƙwasasshen ƙarfen da yake kare kan direba idan mota ta kife, domin irin wannan bel yana riƙe mutum a miƙe, kuma idan mota marar rufi ta kife ba shi da damar sunkuyawa. Ka ɗaure bonet da but da maɗauri na biyu. A Goodwood ne direban tsere Bruce McLaren ya rasu a 1970 yana gwajin mota, lokacin da murfin bayanta ya ɓalle a kan miƙaƙƙiyar hanya. Wanda kuma yake nufin shiga gasa ta ƙasa da ƙasa zai nemi lasisin tsere daga hukumar wasan motoci ta ƙasarsa, da takardar shaidar FIA, hukumar wasan motoci ta duniya, da take tabbatar da cewa motar tana kan fasalin zamaninta.

Idan ka shiga fili, zagaye biyu na farko na ɗumama taya da birki da mai ne, da kuma gane inda jami'an tuta suke tsaye. Tuta ruwan ɗorawa tana nufin haɗari a gaba, a rage gudu kuma ba a wuce kowa. Ja tana nufin an tsayar da zagayen. Shuɗiya tana gaya maka cewa wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Mai ratsin ja da ruwan ɗorawa kuma tana nuna santsi, galibi man da wata mota ta zubar. Daga nan ka riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kana matsar da wurin taka birki 'yan mitoci a kowane zagaye, kana fara gwada iyakar motar a ƙananan kwanoni inda kuskure ba ya tsada.

Ka gama taka birki tun motar tana miƙe, kafin ka juya sitiyari. Ba ta da na'urar hana ƙafa kullewa, wadda sai a 1978 Mercedes ta fara sayar da irinta ta zamani, don haka idan ka ji taya ta kulle tana ƙara, ka ɗan sassauta ƙafa har ta ci gaba da juyawa, domin tayar da ta kulle ba ta bin sitiyari. Wajen sauko da giya sai ka koyi taka birki da yatsun ƙafar dama kana ɗan taɓa totur da gefenta ko diddigenta a lokacin da kuloci yake ƙasa, don juyin inji ya dace da giyar da za ka shiga. Idan ba haka ba ƙafafun baya za su iya kullewa a bakin kwana. Wannan abu ne da ake koya a fili marar kowa da ƙaramin gudu har ƙafa ta saba. Ka tuna kuma cewa injin ba shi da abin da zai hana shi wuce iyakar juyinsa, kuma kuskuren shiga giya ta biyu a maimakon ta huɗu yana iya lanƙwasa bawul nan take.

A tsakiyar kwana kada ka cire ƙafa daga totur farat ɗaya, ko da ka tsorata. Yin hakan yana tura nauyin mota gaba, baya ya yi sako-sako ya juyo. Porsche 911 ta farko, mai inji a can baya, ta yi suna da wannan hali har kamfanin ya tsawaita tazarar ƙafafunta a ƙirar 1969, haka ma 300 SL mai ƙafafun baya masu lilo. Maganin shi ne ka shiga kwana da gudun da ya yi ƙasa da abin da zuciyarka take so, ka riƙe totur daidai, sannan ka ƙara shi a hankali yayin da kake warware sitiyari. A miƙaƙƙiyar hanya kuma ka lura da nauyin sitiyari a hannunka, domin jikin motocin wancan zamani da yawa yana sa iska ta ɗaga hancinsu. An san Lamborghini Miura da wannan, kuma da yake tankinta a gaba yake, abin yana ƙaruwa yayin da fetur yake raguwa. Idan sitiyari ya yi sakayau, ka rage totur a hankali ba tare da taɓa birki ba.

Miƙaƙƙiyar hanya ita ce kuma wurin kallon agogon baƙin mai da na zafin ruwa, sau ɗaya a kowane zagaye. Idan allurar mai ta faɗi a kwana sannan ta dawo, famfo yana zuƙar iska, sai ka shigo. Kada ka wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a fita ɗaya, kuma zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali ba tare da yawan taɓa birki ba don iska ta huce shi. Idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu, domin takalmi yana iya mannewa da ganga ko faifai mai zafi. Ka bar motar a giya ko ka sa mata waigi. Ka buɗe bonet, ka auna iskar tayoyi tun suna da zafi ka rubuta, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai ko ruwa ko fetur, kuma bayan ƙafafu sun huce ka sake ɗaure notocin wili kafin ka koma fili.