Rigar matashin kujera daga alwatika 32 da inji ya yanka

Injin yanka ƙyalle aiki ɗaya ya iya, amma fa ya iya shi: duk guntun da ya fitar daidai yake da ɗan'uwansa, ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage bayan nan, wato ko tsinin alwatika zai haɗu da tsini, ko aikin zai kwanta lumui a kan kujera, wannan yana hannun mai ɗinki. Ina faɗin haka tun farko saboda da yawa suna sayen injin da zaton shi ne zai gyara musu ɗinki, sai su ga kusurwa ta kauce, su ɗora masa laifi.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ga yadda yake. Akwai faranti mai soso a samansa, cikin soson an binne ruwan ƙarfe mai kaifi wanda aka lanƙwasa da siffar da ake so: murabba'i, alwatika, mai kusurwa shida da sauransu. Sai ki shimfiɗa yadi a kan siffar, ki rufe da faifan roba, ki tura su tsakanin nadi biyu na injin kina juya hannunsa. Nadin ya danne soson, ƙarfen ya leƙo ya yanke yadin. AccuQuilt GO! da Sizzix Big Shot su ne aka fi sani, kuma kowane da irin farantinsa, don haka ki tabbatar wanda za ki saya yana shiga injinki. Girman da aka rubuta a jikin faranti galibi girman guntun ne bayan an gama ɗinki. In an ce murabba'i inci 4, abin da zai fito inci 4 da rabi ne, domin an riga an ƙara rubu'in inci ta kowane gefe na rarar ɗinki.

Aikin da nake ba mai farawa shawara shi ne rigar matashin kujera mai faɗin inci 16, kusan santimita 40. Faranti ɗaya ya isa: na alwatikar da biyunta ke ba da murabba'i inci 4. Ana buƙatar alwatika 16 masu haske da 16 masu duhu, su ba da murabba'i 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Yadin auduga zalla nake amfani da shi, mai matsakaicin kauri, saboda yana jin guga, ba ya zamewa a ƙarƙashin allura.

Wajen zaɓen launi, haske da duhu sun fi launin kansa muhimmanci. Ja da kore suna iya zama daban a ido, amma in duhunsu ɗaya ne, daga nesa zanen zai cakuɗe ya ɓace. Ki jera yadukan ki ɗauki hotonsu da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. In har a hoton kina iya rarrabe su sarai, sun yi.

Ki wanke yadin tukuna in kina tsoron zai yi zuba ko ya tsuke, ki fesa masa sitaci, ki goge shi ya bushe ƙarau. Sitacin nan ba na kwalliya ba ne. Dogon gefen alwatika a karkace yake ratsa saƙar yadi, kuma duk yankan da ya bi karkace yana miƙewa da an ɗan ja shi. Sitaci ne ke riƙe shi har ki kai shi ƙarƙashin allura.

Yanzu ga wurin da na fi so ki tsaya ki natsu. Yadi yana da tsaye yana da kwance. Ki kama shi da hannu biyu ki ja ta hanyar da ta bi bakin saƙa, za ki ji ya tsaya ƙyam, har yana ɗan ƙara in kin fizge shi. Ki ja ta ɗaya hanyar, za ki ji ya ɗan saki. Wannan ɓangaren da ba ya saki, shi ne zai bi tsawon faranti ya shiga injin. In kin saka shi ta ɓangaren da yake saki, nadin zai miƙar da yadin yayin da yake yanka, da ya fito sai ya koma yadda yake, guntun ya gaza girman da ake nema. Gazawar kaɗan ce, ba lallai ido ya kama ta ba, amma za ta bayyana ranar haɗawa. Abu na biyu, a yawancin farantan AccuQuilt siffar ba a miƙe take zaune ba, an ɗan karkata ta da gangan don kada nadi ya hau dogon ƙarfe gaba ɗaya lokaci guda. Saboda haka ki daidaita yadinki da layin ƙarfen, kada ki bi gefen farantin.

Ki fara yanka yadin da almakashi gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗara siffar da kamar rubu'in inci ta ko'ina. Ki ɗora mai haske da mai duhu fuska da fuska, ki jera su haka har hawa shida, wanda shi ne iyakar da ake ba da shawara ga yadin auduga. Amfanin haɗa su fuska da fuska shi ne, da sun fito kowace alwatika tana manne da abokiyarta, sai ki ɗauka bibbiyu ki wuce keke ba tare da kin raba su ba. Idan faranti ya fito, ki shafa faifan robar da tafin hannu sannan ki zame shi gefe. In kin ɗaga shi sama kai tsaye, guntayen za su manne masa su watse. Wani lokaci zare ɗaya yakan ƙi yankuwa a inda ƙarfe biyu suka haɗu. Ki sa ƙaramin almakashi ki tsinke shi, kada ki fizga.

Za ki lura tsinin alwatikar a datse yake. Haka aka yi shi, kuma yana cikin abin da ya sa nake son faranti. Datsen nan shi ke nuna miki inda gefe zai haɗu da gefe, sannan ya hutar da ke daga bin 'yan kunnuwan da ke leƙowa bayan ɗinki kina yankewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ki taɓa alwatika ko ɗaya, ki gwada kekenki. Ki yanka ƙyalle uku, kowane faɗinsa inci 1 da rabi, ki haɗa su a jere da rarar ɗinki ta rubu'in inci, ki goge. Na tsakiya dole ya zama inci 1 cif, duka ukun kuma inci 3 da rabi. In bai kai ba, ɗinkinki ya cika shiga ciki. Ki matsar da allura, ko ki manna salatif a jikin keke a daidai inda bakin yadi zai riƙa bi, ki sake gwadawa har sai ya fito. Masu wannan sana'a sukan rage rubu'in incin da kaurin zare ɗaya, domin ninkin da guga ke yi yana cin wani abu. Kada ki raina wannan gwajin. In kowane ɗinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, yana cin haka daga ƙyalle biyu ne, kuma a layi mai murabba'i huɗu akwai ɗinki uku, kin ga an yi asarar kashi 3 cikin 8 na inci a layi ɗaya tak.

Allura lamba 80/12 ta wadatar, da siririn zaren auduga mai launin toka ko ruwan ƙasa wanda zai saje da komai. Tsawon taku ya zama milimita 2. Ki ɗinka dogon gefen kowace alwatika biyu, kina tura na gaba da zarar na farko ya wuce, ba tare da kin yanke zare ba, har su 16 su fito a jere kamar shanya a igiya. Ki bar keke ya ja yadin da kansa. Hannunki na saiti ne kawai, da kin ja ko kin tura, gefen karkacen nan zai miƙe. Idan kekenki yana haɗiye tsinin yadi a farkon ɗinki, ki fara da wani ɗan ƙyalle na banza, alwatikar ta biyo bayansa.

Guga a nan ɗorawa ce da ɗagawa. Ki fara danna ɗinkin a rufe yadda ya fito daga keke, sannan ki buɗe, ki kwantar da rarar ta ɓangaren mai duhu don kada ta nuna ta cikin mai haske, ki ɗora dutsen guga ki ɗaga. Kada ki goga gaba da baya yadda ake yi wa riga, murabba'in zai karkace. Kowane ya kamata ya auna inci 4 da rabi.

Daga nan sai wasa ya zo, kuma a nan nake daɗewa. Waɗannan murabba'i 16 suna iya ba da zane iri-iri. In duk masu duhu sun fuskanci gefe ɗaya, sai ki sami haƙoran zarto. In kin juya su huɗu-huɗu suna bin juna, sai fanka ta fito. In kin sa su suna fuskantar tsakiya, sai ki ga murabba'i a tsaye kan tsininsa, wani cikin wani. Ki shimfiɗa su a ƙasa, ki ja da baya ki duba, ki juya, ki sake dubawa. Wanda ya kwanta miki ki ɗauki hotonsa, domin tsakanin ƙasa da keke guda ɗaya yakan juye ba ki sani ba.

Ki haɗa layi-layi. Rarar layin farko da na uku ki kwantar da ita dama, ta na biyu da na huɗu hagu. Lokacin da za ki haɗa layi da layi, rarar nan biyu masu saɓanin hanya za su cije juna, har kina jin cizon da yatsa. Nan za ki soka fil. Sannan ki duba bayan aikin: inda ɗinkin karkace ya ratsa ɗinkin tsaye akwai ɗan gicciye. Allurarki ta bi ta kan gicciyen nan, ko ta kauce da kaurin zare ɗaya zuwa bakin yadi. In ta shiga ciki, ta cinye tsinin alwatika ke nan. In an gama, fuskar za ta auna inci 16 da rabi.

Saura haɗa hawa uku. Ki shimfiɗa yadin shafi fuskarsa ƙasa, ki ɗora shimfiɗar auduga ta ciki, sannan fuskar aikin a sama. Na ƙasan biyu su kai inci 18 ko 19, su ɗara fuskar ta ko'ina. Ki kama su da fil mai makulli, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin fil da fil. Ki mayar da tsawon taku milimita 3, allura 90/14. In kina da ƙafar keke mai haƙora, wadda ke jan yadin sama tare da na ƙasa, ki sa ta. In babu, ki sassauta dannin ƙafar in kekenki yana ba da dama, ki tafi a hankali. Ki fara daga tsakiya ki nufi gefe. Ni na fi son miƙaƙƙun layuka da ke bin gefen kowane ɗinkin karkace da tazarar rubu'in inci, saboda suna fito da zanen, kuma ba sa tona asirin hannu yadda ɗinki cikin tsagar haɗi yake yi in ya ɗan kauce. In kin gama ki datse rarar, kusurwa huɗu su tsaya daidai.

Bayan rigar ba ya buƙatar zif. Ki yanka yadi biyu, kowane inci 16 da rabi a inci 12, ki kalmashe dogon gefe ɗaya na kowane sau biyu, rabin inci rabin inci. Ki kwantar da su a kan fuskar aikin, fuska da fuska, kalmasar ɗaya ta hau kan ɗaya a tsakiya. Ki zagaye da ɗinki, ki maimaita a inda suka hau juna domin nan ne ke shan ja, ki datse kusurwoyi, ki juya. Matashi mai inci 16 zai shiga daidai, mai inci 18 kuma zai fi cika ta ta yi ɓul-ɓul.

Idan hannu ya faɗa, doguwar shimfiɗar tebur ita ce ta gaba, kuma a nan ne mai kusurwa shida ke jan hankalin kowa. Sai dai shi ɗinki uku ne ke haɗuwa a wuri ɗaya, dole ki tsaya rubu'in inci kafin baki, ki ƙulle, ki juya aikin, a kowace kusurwa. Shawarata ki fara da farantin rabinsa. Ana jera rabin a miƙaƙƙen layi, in layi biyu suka haɗu kuma launi ya dace, cikakkiyar siffar ta fito ba tare da wannan wahalar ba. Siffofin da damansu da hagunsu ba ɗaya ba ne kuwa, kamar murabba'in da ya jingina gefe, in kin ninka yadi fuska da fuska rabi za su fito a juye, don haka ki duba zanenki ko yana son hakan kafin ki yanka. In kuma abin ɗora tukunya mai zafi za ki yi, cikinsa ya zama auduga zalla hawa biyu, domin na roba narkewa yake.

Faranti yana ɗan cin yadi fiye da yankan hannu, wannan gaskiya ne, shi ya sa nake tara ragowar a yanka su da ƙananan siffofi. Ban ga amfanin tara faranti barkatai ba. Murabba'i da alwatikar da ta dace da girmansa sun isa matasai da shimfiɗu masu yawa. Bayan kowane aiki ki sa hantsaki ki tsince zaren da ya maƙale tsakanin ƙarfe da soso, kada ki sa yatsa, ƙarfen yana nan da kaifinsa. Faifan robar ki riƙa juya shi kina amfani da fuska biyu, in ya fara barin zare bai yanku ba ki sauya shi, domin galibi shi ne ya gaji, ba ƙarfen ba. Farantan kuma ki ajiye su a tsaye gefe da gefe, kada ki jibga wani kan wani soson ya lotse.