Buluberi ba mangwaro ba ne

A watan Janairu, sanyi na ratsa ƙashi, na fara sayen buluberi, wani ƙaramin ɗan itace mai launin shuɗi, a wani kanti kusa da gidanmu a jihar New Jersey ta Amurka. 'Yar roba ce da ba ta fi tafin hannu ba, amma da na ga kuɗin sai da na sake duba rasit. Na kai gida na wanke shi tas, na juye a kwano, na ajiye a kan teburin kicin wai ya ƙara nuna. Kwana uku rabinsa ya yi funfuna, sauran kuma ga tsadar kuɗi ga tsamin tsadar daji. Kurakurai uku na tafka a sayayya ɗaya, kuma dukkansu daga gida na taho da su, domin abin da mangwaro ya koya mana ba ya aiki a kan wannan ɗan itace.

Na farko shi ne lokaci. A Kano ba wanda zai nemi mangwaro mai arha a tsakiyar hunturu, amma kantunan Amurka suna ruɗar baƙo, komai yana nan a jere wata goma sha biyu kamar ba kaka ba rani. Buluberin da ake gani a Janairu daga kudancin duniya yake zuwa, yawanci Peru da Chile, ya sha doguwar tafiya a kwantena mai sanyi. Na gida yana farawa ne daga Florida da Georgia wajen Afrilu da Mayu, ya iso New Jersey tsakiyar Yuni, Michigan ta karɓa a Yuli, Maine kuma sai Agusta. Juya robar ka karanta inda aka noma shi. Idan Yuli ne kuma ka ga sunan jihar da ke kusa da kai, ɗauki babbar roba, a lokacin ne zaƙi ke hawa farashi na sauka. 'Yan'uwa da ke Ingila su ma su riƙa dubawa, nasu na gida daga Yuli ne zuwa Satumba, sauran watanni kuwa na Sifaniya ne da Maroko da Afirka ta Kudu da Peru.

A nan New Jersey ɗin ma aka fara noma shi. Da can a daji ake tsinkarsa, kamar yadda muke yi da ɗinya da kanya, har sai da wata 'yar manomi, Elizabeth White, da wani masanin tsirrai na gwamnati, Frederick Coville, suka zaɓo bishiyoyin daji masu manyan 'ya'ya suka raine su, suka kai amfanin farko kasuwa a 1916. Har gobe garin Hammonton na kirarin shi ne hedikwatar buluberi ta duniya.

Kuskure na biyu, jiran ya nuna a gida. Mangwaro da ayaba da gwanda kan ci gaba da nuna bayan an cire su, shi ya sa muke cusa su a kwali mu rufe. Buluberi kuwa da zarar ya bar bishiya zaƙinsa ya tsaya ke nan. Launin na iya ƙara duhu, amma tsamin na nan daram. Ka duba gindin kowane ƙwaya, wajen da tsinke ya fita: in akwai ja-ja ko kore, ɗanye ne, bar musu kayansu. Haka ceri yake, haka inabi, haka kankana.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana yaudarata. Mai kyau yakan yi fururu, kamar yaron da ya fita cikin hazo bai shafa mai ba. Na ɗauka ƙura ce ko maganin feshi, sai in tsallake shi in ɗauki mai sheƙi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta gan ni ina haka a kasuwar manoma, ta karɓe robar daga hannuna ta mayar, ta miƙo mini mai fururun. Ashe wannan farin wani irin kaki ne na jikin ɗan itacen, shi ke tsare masa ruwan jikinsa. Wanda ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, hannu ya yi masa yawa ko kuma ya kwana biyu. Ita ce kuma ta koya mini ɗaga roba in leƙa ƙasanta. Saman kullum kwalliya ce, kamar kwandon tumatir a 'Yankaba. In ka ga jirwayen shuɗi a ƙasa ko ƙwayoyi sun manne da juna, an fara ruɓewa daga ciki.

Girma ma ba shi ne daɗi ba. Na dajin Maine ƙanana ne ƙwarai, amma a ganina sun fi manyan ɗanɗano nesa ba kusa ba. Yawancinsu a daskare ake sayarwa, kuma kada ka raina na firiza, da nunarsa ake tsinke shi a daskarar.

Na uku, wanki. Mu mutanen da muka tashi da wanke duk abin da ya shigo daga kasuwa ne, kuma da gaskiyarmu. Amma ruwa shi ne ajalin buluberi. Ka tsince waɗanda suka fashe ko suka yi laushi, domin wake ɗaya ke ɓata gari, ka shimfiɗa tishu a ƙasan robar, ka sa a firji a bushe. Zai kai mako guda, wani lokaci kwana goma. Iya abin da za a ci yanzu shi kaɗai za a ɗauraye. In ya yi yawa, baza shi a faranti ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, sa a firiza ya daskare, sannan ka juye a leda. In ka zuba shi a leda kai tsaye da danshi, dunƙulen ƙanƙara za ka tarar, sai da taɓarya.

Wanda ya samu dama ya je gonakin da ake biya mutum ya tsinka da kansa. Kada ka fizga. Tara hannu a ƙarƙashin nonon, ka murza a hankali da babban yatsa: nunannun za su faɗo da kansu, wanda ya ƙi bai shirya ba ko da ya yi shuɗi. A je da sassafe, kuma kada a bar bokitin a but ɗin mota ana yawon gari.

Sauran kayan lokacin zafi ba su da wuyar sha'ani. Masarar Amurka mai zaƙi ranar da aka saya ake ci, domin sukarinta na komawa sitaci tun daga lokacin da aka karye ta, abin da duk mai gasa masara a bakin titi ya sani. Tumatir kuma firji na kashe masa ƙamshi, a bar shi a waje. Kankana a nemi mai nauyi wadda gefen da ta kwanta a ƙasa ya yi rawaya, ba fari ba.

Wani ƙanena ya matsa in aiko masa da iri ya gwada a Kura. Na ce masa ya haƙura: bishiyar na son ƙasa mai tsami sosai, kuma yawancin ire-irenta sai sun sha sanyi na makonni kafin su yi fure. Ya tsaya ga shinkafarsa da tumatirinsa.

Ci kuwa, ba dole sai an yi kek irin nasu ba. Mu a gidanmu cikin kindirmo muke zubawa, kuma ranar da aka dama fura maiɗakina kan watsa tafi guda na daskararre a ciki, ya maye gurbin ƙanƙara, furar ta koma shuɗi-shuɗi. Sai dai a tuɓe farar shadda kafin a zauna. Tawa ta Sallar bara har yanzu da ɗigo uku a gaban aljihu.